Makahon Mawaƙin Titi a Jamus: Bara Yake Yi ko Sana'a?

Tambaya: Wata malama mai koyar da yara makafi ta ce ta ji labarin wani makaho Bajamushe da ya yi suna wajen yawo gari-gari yana rera waƙa a kasuwanni da bakin titi, har daga baya aka sa wa makaranta sunansa. Tana son sanin ko wane ne shi, yaya ya rayu, kuma abin da ya yi ɗin bara ce aka yi wa kwalliya ko kuwa sana'a ce ta gaske.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa hidimar da kike yi wa yaran nan. Mutumin da kike nufi shi ne Philipp Keim. An haife shi a shekarar 1804 a ƙauyen Diedenbergen, tsakanin Wiesbaden da Frankfurt, a gindin tsaunukan Taunus, kuma a wannan ƙauyen ya rasu a 1884. Ba da makanta aka haife shi ba. Yana saurayi ne ya yi haɗari ya rasa ganinsa, daga nan ya ɗauki akwatin kiɗa ya shiga yawon ƙasar Nassau, masarautar da ƙauyensu ke cikinta a lokacin, matarsa na yi masa jagora, yana rera baitocin da shi da kansa ya tsara, yana kuma sayar da su a rubuce. Ƙauyen nasa yau unguwa ce a ƙarƙashin garin Hofheim cikin jihar Hesse, kuma makarantar firamaren unguwar ce ke ɗauke da sunansa.

Amsata a taƙaice ita ce sana'a ce. Mutumin yana da jari, yana da haja, yana da abokan ciniki, kuma hukuma ta san da zamansa. Sai dai kafin ki yarda da ni, ya kamata ki ga irin ƙasar da ya makance a cikinta.

A Jamus ta farkon ƙarni na 19 makanta ba baƙuwa ba ce. Agana tana cinye idanun yara, ciwon ido na jarirai yana makantar da su tun suna cikin tsumma, sojojin zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon kuma sun yaɗa amosanin ido, wanda Turawa suka riƙa dangantawa da Masar, daga bariki zuwa ƙauye. Ga haɗarin wurin aiki, wanda babu mai biyan diyyarsa. Idan saurayin ƙauye ya makance, ƙa'idar ita ce garinsu ne ke da alhakin ciyar da shi, kuma garuruwan matalauta ne. Keim yana ɗan shekara 12 aka yi shekarar nan ta 1816 da sanyi da ruwa suka lalata amfanin gona, yunwa ta biyo baya a 1817. Abin da irin wannan ƙauye zai iya yi wa makaho bai wuce kwana a gidan gajiyayyu ba, ko kuma a riƙa zagayawa da shi gida-gida, yau wannan gida ya ba shi abinci, gobe wancan. Kowa ya san ranar da nauyin ya faɗo kansa, makahon ma ya sani.

Makarantun makafi kuwa a lokacin sun fara tsirowa ne kawai. Valentin Haüy ya buɗe ta farko a Faris a shekarun 1780. Johann Wilhelm Klein ya fara tasa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1804, shekarar da aka haifi Keim, sai August Zeune ya buɗe ta Balin a 1806. A yankin su Keim abin ya makara: Frankfurt sai 1837, Friedberg 1850, Wiesbaden 1861, kuma yara suke ɗauka. Abin da ake koyarwa a ciki, bayan karatu da addini da ɗan kiɗa, shi ne saƙar kwando, haɗa buroshi, saƙar kujera da tufkar igiya, wadda ke ma kin san ta a hannun makafin ƙasarmu. Rubutun Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, wanda Louis Braille ya wallafa tsarinsa a 1829, malaman makafi na Jamus ba su amince da shi baki ɗaya ba sai a 1879, saura shekara biyar Keim ya rasu. Wato duk tsawon rayuwarsa ta aiki, kansa ne littafinsa.

Bara kuma laifi ce a dokar ƙasar. Masarautun Jamus sun daɗe suna korar mabarata da 'yan yawon banza, kuma bayan haɗewar ƙasar, kundin hukunta laifuka na 1871 ya tanadi tsare mabaraci har zuwa mako shida, sannan 'yan sanda suna da ikon tura shi gidan horon aiki har shekara biyu. Abin da ya raba mawaƙin titi da wannan ƙaddara takarda ce guda, wato takardar izinin yin sana'ar yawo. Da ita yake shiga gari, ya nuna wa ɗan sanda ko magajin gari, a yanka masa wurin tsayawa, wani lokacin har da sa'o'in da zai yi kiɗa. Hukumomi sun saba ba da irin wannan izini ga naƙasassu da tsofaffin sojojin da yaƙi ya lahanta, don ya fi musu araha a kan biyan fansho. Ban ɗauki wannan a matsayin tausayi ba. Dabara ce ta sauke nauyi daga baitulmali a ɗora wa mutumin kasuwa, amma makahon da ya samu takardar ya samu abin da maƙwabcinsa na gidan gajiyayyu bai samu ba, wato damar ci da guminsa.

Yanzu mu zo kan kayan aikin, domin a nan ne za ki gane yawancin abin da ake faɗa game da waƙoƙinsa. Akwatin da Jamusawa ke kira Drehorgel akwatin katako ne da ake ratayawa da maɗauri, a goya shi a baya idan ana tafiya, a dawo da shi gaba a ɗora kan ƙafar itace ko 'yar amalanke idan za a yi kiɗa. A gefensa akwai hannu da ake juyawa. Juyi ɗaya aiki biyu yake yi: yana motsa zuga-zugin da ke ciki su tara iska, yana kuma juya wani gungumen itace mulmulalle da aka kafe shi da ɗaruruwan ƙananan ƙusoshi da lanƙwasassun wayoyi. Duk ƙusar da ta zo wucewa sai ta ɗaga wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya buɗe hanyar iska zuwa sarewa ɗaya daga cikin jerin sarewun da ke tsaye a ciki. Gajeriyar ƙusa gajeren sauti, doguwar waya dogon sauti. Idan ana son canza kari, sai a zare wani ɗan sakata a gusa gungumen gefe kaɗan, wani sabon layin ƙusoshi ya zo daidai da ƙarafan. Gungume ɗaya yakan ɗauki kari takwas ko abin da ya yi kusa da haka, ba ƙari. Wanda ke son sabon kari sai ya koma wurin maƙeran akwatin ya biya a sake kafa masa ƙusoshi, kuma abin ba arha. Garin Waldkirch da ke yankin Baƙin Daji a kudu maso yammacin Jamus ya shahara da wannan ƙira tun bayan da maƙerin akwatunan kiɗa Ignaz Bruder ya koma can a 1834.

Kin ga ke nan akwatin ya dace da makaho, don ba ya buƙatar duba takardar kiɗa, hannu kawai yake so mai juyi daidai wa daida, kada ya yi sauri sautin ya tsere wa murya, kada ya yi sanyi iska ta yanke. Amma kuma ya ɗaure mawaƙin da igiya gajera. Labari sabo ne kullum, kari kuwa tsoho ne. Ko gobara ce, ko kisan kai, ko auren gidan sarauta, dole ya tusa labarin cikin ɗaya daga cikin waɗannan 'yan karuruwa, gaɓa ta zo daidai da bugu, ƙarshen ɗango ya samu amsa-amo. Duk wanda ya taɓa ɗora sababbin kalmomi a kan karin wata tsohuwar waƙa ya san inda wahalar take: sunan gari ko na mutum ba ya lanƙwasuwa, kwanan wata ba ya lanƙwasuwa, kuma masu sauraro suna son su ji su daidai.

Kuɗin kuma ba daga kiɗan yake fitowa ba. Kiɗa kiran kasuwa ne. Hajar ita ce 'yar takardar da aka buga, mai shafi kaɗan, a kan takarda mafi arha, ɗauke da labarin da baitocin, wadda ake sayarwa a kan 'yan kwabban ƙasar. A Nassau kuɗin da ake kashewa gulden ne, kowane ɗaya kreuzer 60, har zuwa shekarun 1870 da mark ya maye gurbinsu. Mawaƙin ne ke biyan maɗaba'a tun kafin ya sayar da ko guda, idan labarin ya yi kwantai asararsa ce. Manyan masu wannan sana'a, waɗanda ake kira Bänkelsänger, sukan hau benci a kasuwa, a kafa wani babban ƙyalle da aka zana labarin a kansa gida-gida da launuka masu ɗaukar ido, mai waƙa na rerawa, ana nuna hoton da ake magana a kai da doguwar sanda, wani kuma na ratsa taron da damin takardu yana karɓar kuɗi. Aikin iyali ne. A wurin makaho kuwa rabon aikin ya fi nauyi a kan matar. Ita ce ɗan jagora a hanya, ita ce mai duba inda jama'a suka taru, mai ƙirga canji, mai lura da wanda ya ɗauki takarda bai biya ba, mai gane ɗan sanda tun daga nesa. Ina ganin rashin adalci ne a ba da labarin irin waɗannan mawaƙa a bar matansu a gefe, alhali in ba su ba akwatin ko ƙofar gari ba zai kai ba.

Wane irin labari ake sayarwa? Wanda ke tayar da tsigar jiki. Shekara ɗaya kafin haihuwar Keim, ranar 21 ga Nuwamba 1803, aka sare kan shahararren ɗan fashin nan Johannes Bückler, wanda aka fi sani da Schinderhannes, tare da mutanensa 19 a Mainz, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa daga Diedenbergen, kuma an yi shekaru ana cin kasuwar labarinsa a takardu da waƙoƙi. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na Hamburg a watan Mayun 1842, fashewar rumbun albarushi a Mainz a Nuwamban 1857, nitsewar jiragen ruwa masu kai 'yan ci-rani Amurka, ambaliya, kisan gilla da hukuncin da ya biyo baya, waɗannan su ne abincin sana'ar. Mutanen ƙauyukan Nassau da yawa sun iya karatu, don tun 1817 masarautar ta tsara makarantunta da doka, amma jarida tana da tsada, kuma harshenta na 'yan boko ne. Takardar mawaƙi kuwa da ɗan canji ake saye, a kai gida, a karanta wa tsofaffi da dare, a rera ta da karin da aka ji a kasuwa.

Ki tsaya ki duba yadda makaho ke haɗa wannan aiki. Labarin yana shigo masa ta kunne, daga hirar mashaya, daga masu keken doki, daga wanda ya karanta masa jarida. Ya tace, ya jera, ya tsara baitocin a ka, ya maimaita har su zauna. Sannan ya yi wa wani shifta ya rubuta, a kai maɗaba'a, shi kuwa ba zai taɓa ganin kuskuren da mai jera haruffa ya yi masa ba. Kafin a fita da ita kuma sai hukuma ta duba, domin tun dokokin Karlsbad na 1819 har zuwa 1848 aka riƙa tace duk ƙananan abubuwan da za a buga a ƙasashen Jamus. Shi ya sa kusan kowace waƙar kisan kai ke ƙarewa da kamun mai laifi da gargaɗi ga jama'a su ji tsoron Allah su bi doka. Wani ɓangare na wannan wa'azi imanin mawaƙin ne da na masu sauraronsa, wani ɓangaren kuma kuɗin shiga ne da ake biyan mai hatimi. Bayan duk wannan, mutumin da bai ga gobarar ba, ba zai ma iya ganin hotonta ba, shi ne zai tsaya a tsakiyar masu ido ya sa su gan ta.

To, waƙoƙin suna da kyau? Idan ma'aunin manyan marubutan Jamus za a ɗauko, a'a. Amsa-amon yakan zo da ƙarfin tsiya, ɗango wani ya yi tsawo wani ya gaza, harshen ƙauye ya kutso cikin Jamusancin littafi, abin tausayi ya fito ta hanyar da za ta ba ɗan boko dariya. 'Yan jami'a da masu ilimi na wancan zamani sun mayar da kwaikwayon irin waɗannan waƙoƙi abin nishaɗi, kuma wani kaso na sunan da Keim ya yi daga irin wannan dariya ya fito. Ba zan ɓoye miki wannan ba, kuma ba na son ki gaya wa ɗalibanki cewa gwani ne da duniya ta zalunta. Amma ni ma'aunin ne ban yarda da shi ba. Waƙar da aka tsara don a ji ta sau ɗaya cikin hayaniyar kasuwar dabbobi, a kan kari da ba ya canzuwa, a cikin kwana biyu ko uku kafin labarin ya huce, aikinta shi ne ta tsayar da mai wucewa, ta fahimtar da shi, ta sa ya sa hannu a aljihu. Wanda ya yi shekaru da dama yana cin abinci da wannan ya iya aikinsa. Kuma abin da masu ilimin suka raina, wato sunayen ƙauyuka da ƙananan al'amuran talakawa da harshen da suke magana da shi, shi ne abin da masu binciken tarihi ke nema a cikin takardun yau.

Ta fuskar kasuwa, Allah ya ajiye shi a wuri mai kyau. Wiesbaden ita ce hedikwatar masarautar Nassau a lokacin, gari ne na ruwan zafi da masu kuɗin Turai ke zuwa jinya da hutu, ga gidan caca da ya yi ta jan baƙi har aka rufe shi a 1872. Ga Mainz a tsallaken kogin Rhein, ga Frankfurt, ga kasuwar kaka ta Hochheim da ake ci tun ƙarni na 15, ga bukukuwan coci na shekara-shekara da kowane ƙauye ke yi. Jirgin ƙasa ya haɗa Frankfurt da Wiesbaden tun 1840. Amma yawancin tafiyar a ƙafa ce, da akwati a baya, kuma lokacin sanyin ƙasar ba wasa ba ne: yatsu su ƙage a kan hannun akwatin, danshi ya shiga fatar zuga-zugi da katako sautin ya lalace, mutane su ƙi tsayawa. Abin da aka tara daga bazara zuwa kaka shi ake ci har ƙanƙara ta narke. Mulki ma ya juya a kansa. Ya ga Maris ɗin 1848, lokacin da dubban talakawa suka cika Wiesbaden suka tilasta wa Sarki Adolph na Nassau amincewa da buƙatunsu, ciki har da 'yancin buga jarida. Ya ga 1866 da babbar masarautar Furusiya ta haɗiye Nassau bayan sarkin ya goyi bayan Ostiriya a yaƙi, sannan 1871 da aka kafa daular Jamus. Kowane sauyi yana nufin sabon jami'i, sabuwar takarda, da sabon lissafin abin da za a iya faɗa a bainar jama'a.

Na san tunaninki zai je kan Malam Aliyu Namangi na Zariya, kuma kwatancen yana da amfani muddin an san iyakarsa. Dukansu makafi ne da suka tsara waƙa a ka, wasu suka rubuta musu, waƙar kuma ta yi yawo a titi. Amma Malam Aliyu malami ne, waƙarsa Imfiraji wa'azi ce da begen Manzon Allah mai tsira da aminci, an karɓe ta a zauren malamai da ajin jami'a, makafin da ke rera ta a ƙofar gida kuma sadaka ake ba su don neman lada. Keim ɗan kasuwar labari ne, mai saye yana biya ne don ya tafi da takarda. Matsayinsu a idon jama'arsu ma ya sha bamban, domin shi Bajamushen bai taɓa samun irin girman da malami ke samu ba.

Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ba. Malaman makarantun makafi na Jamus a wancan ƙarni sun tsani kiɗan titi, suna ganinsa bara ce a fakaice, suna ƙoƙarin raba ɗalibansu da shi. Suna da hujja, don akwai masu akwatuna da ke ba naƙasassu haya su kwashe rabin abin da aka samu, akwai kuma da yawa da ba su tsara ko baiti ɗaya ba, juya hannu kawai suke yi suna miƙa hula. Abin da ya fitar da Keim daga cikinsu shi ne yana ƙirƙirar abin da yake sayarwa. Duk da haka ba zaɓi ya yi tsakanin hanyoyi goma ba. A shekarar da ya rasu, 1884, gwamnatin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki, bayan ta rashin lafiya a 1883, ta tsufa da naƙasa kuma ta biyo a 1889. A Leipzig, likita Carl Credé ya riga ya nuna tun farkon shekarun 1880 cewa ɗigon magani a idon jariri yana hana makantar da ta cika makarantun makafi da yara, rigakafin agana kuma ya zama dole a duk daular tun 1874. Duk waɗannan sun zo ne bayan ya gama shan wahalarsa.

Sana'ar ba ta daɗe sosai a bayansa ba. Jaridu masu arha sun bazu a biranen Jamus tun daga shekarun 1880, an fara nuna majigi ga jama'a a Balin a 1895, rediyo ya fara watsa shiri a 1923, kuma kowannensu ya fi mutum mai benci saurin kawo labari. 'Yan kaɗan da suka rage sun ci gaba da bin kasuwannin shekara har shekarun 1930, lokacin da gwamnatin 'yan Nazi ta matsa wa masu yawo lamba, ta yi kamen mabarata da marasa matsuguni dubbai a watan Satumban 1933, ta kuma sa makantar gado cikin dalilan yi wa mutum aikin hana haihuwa da ƙarfi a dokarta ta wannan shekarar. Takardun da suka tsira daga murhu da ɓera suna ajiye a ɗakunan karatu da gidajen tarihi, kuma ɗaya daga cikin manyan tarinsu yana Freiburg, a ma'ajiyar waƙoƙin gargajiyar Jamus da John Meier ya kafa a 1914.